Kalmar "matsakaici" a gwajin ƙarfin tubali

A Agadas, inda da ƙasa aka gina hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, ƙarfin tubali ba abin wasa ba ne. Don haka fassara kalmar Faransanci moyenne da "matsakaici", kamar yadda aka saba, akwai gyara a cikinta. Magini in ya ji "matsakaicin ƙarfi", tubali mai dama-dama zai fahimta. Alhali kuwa lissafi ake nufi: a ɗebo tubali 30 ba zaɓe, a danne kowanne har ya fashe, a tara nauyin da suka jure, a raba gida 30, sa'an nan a duba ko giɓin da ke tsakanin wannan adadi da iƙirarin mai sayarwa ya zarce abin da katari kaɗai kan jawo. A ganinmu, littattafan yaƙi da jahilci su riƙi "raba-daidai".