Tsohonmu Marini

Wanda bai san rini ba, in ya leƙa karofi, ruwa baƙi kawai zai gani a rami, da wari mai hawa kai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tun yana yaro har furfura ta cika masa gemu a bakin ramin nan yake, a Kura. Ranar da aka yi masa wanka, masu wankan sun ce sabulu bai iya da farcensa ba, da shuɗinsa aka sa shi a likkafani.

Aikin yana farawa tun kafin a ga zane. Ana yanko baba a gona, a daka ganyen, a dunƙula a shanya. Sai a cika rami da ruwa, a zuba toka, a zuba baban, a ƙara katsi, wato laka ta ƙasan tsohon rami da aka kwashe, aka busar, aka ƙona. Daga nan sai jira da motsawa. Kullum da safe yakan ɗauki doguwar muciya ya juya ruwan tun daga ƙasa, har kumfa mai shuɗi da ƙyalli irin na tagulla ta taso. 'Yan makaranta za su ce ƙwayoyin halitta ne ke ruɓar da baban, su cinye iskar da ke cikin ruwan, toka kuma ta ba shi kaifi, sannan launin ya narke ya iya shiga zare. Shi bai taɓa jin wannan bayanin ba, amma ya fi mai bayanin sanin ranar da rami ya nuna.

A nan gwanintarsa take. Yakan durƙusa ya shinshina, ya tsoma yatsa ya murza ya ji santsin ruwan, sannan ya ɗora a harshe. In ya ji kaifi ya yi yawa, ya san toka ta zarce. In ya ji lami, ya ce ramin na jin yunwa. Lokacin sanyi rami kan yi nauyin tashi, sai ya rufe shi da murfin kaba ya ƙara masa kwanaki, ko da mai kaya na tsaye a kansa. Na sha jin wani ɗan kasuwa yana cewa, "Haba Malam, sallah fa ta matso." Shi kuwa sai ya ce, "Alhaji, ka faɗa wa ramin, in ya ji to."

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne tsomawar kanta. Farin zane in ya fito daga ramin ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake. Sai an matse an baza shi, iska ta buge shi, sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. Saboda haka ba daɗewa a ruwa ke sa launi ya kama ba, yawan tsomawa da fitarwa ne. Mai gaggawa yakan jiƙa zane ya bar shi a ciki, wanki biyu ya koɗe. Tsohonmu yakan tsoma, ya ɗaga, ya bari ya sha iska, ya sake, tun hantsi har la'asar, in turkuɗi ake so har sai ya yi baƙi ƙirin. Bayan nan sai mabuga su karɓa, su barbaɗa shuni, su yi ta dukan zanen da guduman itace a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Irin wannan ne Buzaye ke naɗawa, har ya rina musu goshi, su kuwa abin ado ne a wurinsu.

Sana'ar ba ta jiya ba ce. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta ta da shekarar 1498, kuma Bajamushen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda rinannen zanen ƙasar ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Abin dariya, daga ƙasar su Barth ɗin matsalar ta zo: a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin sinadari, wanda a hankali ya karya kasuwar baban gona. Yau yaro da bokiti da garin sinadari zai gama a yini ɗaya abin da rami ke ɗaukar makonni.

Bai zagi masu bokitin ba, yana cewa kowa da abincinsa. Amma ko da ciniki ya ja baya, bai yarda an zuba sinadari a raminsa ba. Da rinin ya ciyar da mu, ya aurar da 'yan matan gidan, ya sa mu boko. Cikinmu ƙanena ne kaɗai ya gaji muciyar, kuma har yanzu in rami ya ƙi tashi, sai ya ɗebi ruwan a kwalba ya kai wa tsofaffin abokan mahaifinmu su ɗanɗana su faɗa masa abin da ya rage.