Jinjina ga Dillalan Kalundborg

A garin Kalundborg na ƙasar Denmak, kamfanin Novo Nordisk yana haɗa insulin da yis, amma dusar da ke saura ba ta zuwa juji. Ana kai ta inda ake samar da iskar gas, ragowar kuma manoma su zuba a gona ta zama taki. Tun 1972 aka soma irin wannan musaya tsakanin kamfanonin garin. To, wa ke haɗa mai shara da mai nemanta? Wata ƙaramar cibiya ce da aka buɗe a 1996. Aikin mutanenta shi ne zaunar da injiniyoyin kamfanoni wuri guda, a lissafa ruwa da tururin da ke salwanta, har a daidaita. Dillanci ne tsantsa, sai dai hajarsu tururi ce da dusa.