Adon ƙofar zaure: na ƙasa da na siminti

In ka tafi Damagaram, kada ka tsaya kasuwar Dole kaɗai. Ka shiga unguwar Birni, wajen fadar Sarki, ka dubi ƙofofin zaure.

Za ka ga magini bai bar ƙofa tsirara ba. Ya kewaye ta da ɗamarar ƙasa mai kauri. Bisa gare ta ya ɗora dagi, ko takobi, ko zobe cikin zobe. Can sama ga zankwaye. Da hannu aka yi aikin, tun laka tana ɗanya. Kana aka shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya ci shi.

A ganina wannan ado ya fi kowane. Zanensa yana da tudu da kwari. In hantsi ya yi, inuwa ta faɗa cikin kwarin, sai zane ya fito ko babu fenti. Kuma ɗamarar tana da aiki. Ita ke tsare bakin ƙofa, inda kafaɗa da kayan jaki suke goga kullum.

To, dubi sababbin gidaje a Maraɗi ko Yamai. Ana zuba siminti cikin ma'auni guda, a liƙa. Fure ɗaya, gida goma! Baƙo ba ya gane ƙofar mai masaukinsa. Wani kuma ya cika bango da zane har ƙofa ta ɓace.

Ba siminti ne duk mai laifi ba. A Damagaram akwai maginan da suke tsaga shi tun yana ɗanye, su sa launi, ya yi kyau ƙwarai. Amma in an liƙa shi bisa bangon ƙasa, laima tana shiga ta tsaga, ba ta samun mafita. Wata rana sai ya ɓanɓare gaba ɗaya.

Kada a ce maka ƙasa kayan talaka ce. Falke Barmu ya fara masallacin Yama, cikin jihar Tawa, a 1962, da ƙasa. A 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan.

In za ka kira magini, ka ce ya nuna maka ƙofar da ya yi, wadda ta sha damina uku.