Ku Bar Wa Zalɓe Tabkinsa

Da sanyin bara ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya zo gida da aron kyamara mai dogon gilashi. Kwana uku yana sammako zuwa wani tabki da ke bayan garinmu, tsakanin Isa da Sabon Birni, har ya samu abin da yake nema: zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ƙwayar idonsa tana ƙyalli, kowane gashin wuyansa ya fito ɗaya-ɗaya, bayansa kuwa wani launin kore mai laushi kamar labulen ɗakin hoto. Ya tura shi cikin wayarsa, ya gyara, ya kai wa kawunmu, tsohon masunci da ya fi shekara hamsin yana hawa gora a wannan ruwa.

Kawu ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga dai zalɓe na, na gani. Ina anka ɗauke shi?"

"Bayan gari mana, Kawu. Tabkinku."

"A'a, ɗana. In can na, ina giginya? Ina bado?"

Muka yi dariya. Ni dai dariyar ba ta daɗe a bakina ba, domin tambayar tsohon ta taɓo abin da na jima ina ƙorafi a kansa a zuci game da wannan sabon yayi na ɗaukar hoton tsuntsaye.

Yayin kansa yana burge ni, kada a yi mini mummunar fahimta. A zamaninmu yaron da tsuntsu ya ɗauke wa hankali danƙo yake nema, ya cika aljihu da tsakuwa. Yau za ka ga samari da 'yan mata daga Kano, Zariya, Katsina, har Maraɗi suna sa hotunan cilakowa da shaho da ladin kogi a Facebook, ana tafka gardama kan sunansu. Tun da aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, ƙarƙashin cibiyar APLORI da ke kusa da Jos, matasan Arewa da dama sun koyi fita da madubin hangen nesa da manhajar BirdLasser suna rubuta abin da suka gani. Wannan ci gaba ne.

Abin da ke damuna salon da ya mamaye hotunan ne. Kusan kowa irin hoto ɗaya yake bi: tsuntsu ya cika allo, bayansa ya narke. Da babbar kyamara ana samun haka in gilashin ya kai milimita 400 ko 600, aka buɗe idonsa sosai, aka kwanta rub da ciki daidai tsayin tsuntsun. Waya ba ta da wannan gilashi, sai ta kwaikwaya da lissafi, ta zagaye tsuntsun ta dusashe sauran. Abin da ya rage kuma a goge shi da yatsa. Tun daga 2021, lokacin da Google ya fito da magogin hoto a wayarsa ta Pixel 6, irin wannan gogewa ta zama wasan yara. Tiyon ban-ruwa ya shigo hoto? A goge. Leda ta maƙale a ciyawa? A goge. Manomi ya sunkuya can nesa yana dashen albasa? Shi ma a goge. Daga ƙarshe sai a sami zalɓen da zai iya zama na Kenya, ko na Indiya, ko na bakin wani kogi a Ingila, tun da duk can akwai irinsa.

To, zalɓe bai canza ba tun zamanin Bawa Jangwarzo. Wanda ya tsaya a bakin ruwan Alkalawa kafin birnin ya faɗi a 1808 da wanda ƙanena ya ɗauka, kamarsu ɗaya. Abin da ke canzawa a gaban idonmu shi ne abin da ake gogewa.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san rayuwarmu a kan ruwa uku take. Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga kudu, Gulbin Maraɗi ya faro daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya dawo gida, su haɗu su zama Rima. Da damina su cika su malala, da kaka su janye su bar tabkuna da laka da danshi, a nan ake shinkafa, a nan ake su, a nan shanu ke sha, a nan kuma kirinjijiya da dinya da jinjimi suke kiwo. Amma an datse kogin Karaduwa a Zobe, an datse ruwan Gada a Jibiya, a ƙasa da mu kuma ga dam ɗin Goronyo da aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Injin ban-ruwa ya kori jigo, yana tsotse tabki cikin makonnin da dā sai an yi watanni. Yashi yana cike kwari. Tabkin da Kawu ke cewa a yarintarsa yana kai ruwa har bazara, yanzu kafin sanyi ya wuce ya zama fako. Wa ke rubuta wannan? Wa zai nuna wa jikokinmu inda ruwa yake tsayawa a watan Janairu na bana?

A Dagona da ke Yobe akwai amsa. Gandun tsuntsayen ruwa ne a cikin fadamar Haɗeja da Nguru, da ma'aikata da iyaka, har Yarima Philip na Ingila ya taɓa ziyartarsa a 1989. Tabkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a jerin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 don kare dausayi. Can ana zuwa ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, ana ajiye alƙaluma. Mai kyamara da ya je Dagona ya ɗauko tsuntsu tsurarsa bai yi wa tarihi asara mai yawa ba, akwai masu riƙe da littafi. Mu a Gobir ba mu da irin wannan gandu. Kuma kowa ya san halin rashin tsaron da Isa da Sabon Birni suke ciki shekarun nan. Wane mai bincike ne zai taso daga Jos ko Ibadan ya shiga fadamarmu da asuba? Ko ɗan gari da ya rataya dogon gilashi ya nufi bayan gari yana wasa da ransa ne: daga nesa abin kamar bindiga, daga kusa kuma a ce infoma ne. Ƙanena ma sai da ya naɗe tasa a buhun taki, kuma bai wuce inda ake jin kiran salla ba.

Saboda haka shaidar da za ta rage game da tsuntsayen fadamar Rima a wannan zamani, mafi yawanta a wayoyin 'ya'yan manoma da masunta take, waɗanda dole ce ke kai su bakin ruwa kullum. Abin da ake ganin kasawar waya, wato ba ta iya zuƙo tsuntsu kusa, a wajena shi ne amfaninta. Tana ɗauko garken balbela tare da shanun da suke bi, da gawon da ke tsaye a gefe, da iyakar ruwa, da hazon ranar. In aka bar hoton yadda yake, bayan shekara ashirin mutum zai iya tsayawa a gindin wannan gawo ya gwada.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke bayyana a tabkunanmu bayan kaka, da yawansu daga Turai suke, sun ƙetaro Bahar Rum da Sahara. A bazarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani ko'ina ya ragu ƙwarai. Da aka bi diddigi, sai aka gano farin da ya fara a ƙasashenmu na Sahel ne ya cinye su. Ashe rashin ruwa a irin fadamarmu har a shingen gonar Bature ake jinsa.

Na san abin da masu kyamara za su ce, don an sha faɗa mini: Malam, mu fasaha muke yi, ba rajista ba. Gaskiyarsu, kuma ni ma ina tsayawa in kalli hoton da ya fito da idon shaho kamar zai yi magana. Sai dai ina ganin akwai lalaci a cikin kyan da kowa ya iya. Narkar da baya ya fi sauƙi a kan tsara hoto mai tsuntsu da mutum da ruwa da itace, kowanne a mazauninsa, ba tare da ya zama hayaniya ba. Wannan na biyun shi ke buƙatar ido da haƙuri. Maharban dā da ke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa sun san ba tsuntsu kaɗai ake karanta ba, har da iska da inuwa da inda rana take.

Sannan gogewa ba ta da birki. Wanda ya cire leda yau, gobe zai ƙara tsuntsu na biyu don hoton ya daidaita. Ko a babbar gasar hotunan namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, an ƙwace kambun 2009 daga hannun wanda ya ci, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na gida ne, horarre. Yanzu kuwa da ƙirƙirarriyar basira ba a ma buƙatar kyarkecin. Kwanan baya an turo mini hoton wasu gauraki fiye da ashirin a bakin ruwa, an rubuta wai Goronyo ne. Da na ƙura ido sai na ga ɗaya ƙafa uku gare shi. Abin takaicin, gauraka ya kusa ƙarewa a dajin Nijeriya, kamu da lalacewar fadama sun gama da shi. Ranar da wani yaro zai ga na gaske guda biyu ya ɗauka, wa zai yarda da shi?

Akwai kuma maganar suna. Sai ka ga Bagobiri ya ɗauki shamuwa a kan tsamiyar ƙofar gidansu, ya rubuta sunanta na Turanci da na Latin, bai sa "shamuwa" ba. Alhali sunan nan ɗauke yake da ilimi: kowace tsohuwa ta san in shamuwa ta sauka damina ta ƙarato, a fara gyaran gona, kuma ba a taɓa sheƙarta. Tsofaffin da suka san sunan kowane ɗan tsuntsun bakin ruwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma gudun hijira ya watsa su Sakkwato da Gidan Runji. A nuna musu hoton, a tambaye su, a rubuta yadda suka faɗa, ko da ya saɓa da na mutanen Kano.

Wuri ɗaya ne nake ja da baya. In abin da ka gani gauraka ne, ko sheƙar ungulu, wadda ita ma masu sayar da sassanta suka sa ta zama abin nema, kada ka bayyana gindin itacen a Facebook. Faɗi ƙaramar hukuma da wata, ya isa. Cikakken wurin ka ba masu aikin taswira. Asalin hoton kuma a adana shi. Waya tana rubuta rana da sa'a a cikinsa, wani lokaci har da wuri, amma Facebook yana share wannan, WhatsApp ma haka, sai in an tura shi a matsayin fayil.

Da daddare na sa ƙanena ya nemo sauran hotunan da ya ɗauka a wannan safiya, waɗanda ya ƙi nuna wa kowa. A cikinsu akwai wanda ya ɗauka da waya kafin ya ciro kyamara daga buhu. Zalɓen ɗan ƙarami ne a gefen hagu. Ga giginya mai karyayyen reshe, ga jan injin ban-ruwa da tiyonsa cikin ruwa, ga laka mai faɗi da sawun shanu, ga wani yaro da tulu.

Muka koma wurin Kawu da safe. Bai ko kalli tsuntsun ba. Ya sa farcen babban yatsa a kan allon, tsakanin gindin giginyar da bakin ruwa, ya auna.

"Wane wata na wanga?"

"Janairu, Kawu. Goma ga wata."

Ya yi shiru. Can ya ce shekarar da aka yi auren uwarmu, a irin wannan lokaci, a jikin giginyar nan yake ɗaure gorarsa.