Jinjina ga masu zuba kankare a hanyoyin bakin teku

Duk direban tirelar da ya taɓa ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can ya san irin azabar da aka sha a hanyar Oshodi. Ramuka ne masu haɗiye taya, kwantena ta kife, mutum ya shafe kwanaki a layi yana kwana a ƙarƙashin motarsa. A 2018 aka fara sake gina hanyar da kankare maimakon kwalta, domin nauyin tirela da ruwan Legas ba sa barin kwalta ta yi ƙarko.

Ni dai leburorin aikin nake jinjina wa. Ka ga mutum ya durƙusa kan rodi, yana ɗaure mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da 'yar waya, tafin hannunsa duk kanta. Idan motar kwaɓi ta iso, ba zama sai an gama, don kankare ba ya jiran kowa. A baza shi, a girgiza shi da inji iska ta fita, a goge fuskarsa, sannan a rufe ana ba shi ruwa kwana da kwanaki kada ya tsage.

Irin aikin da suke yi ke nan yanzu a hanyar Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, wadda aka fara a 2024, cikin fadama da rairayi.

Kayan da ake saukewa a kasuwannin Kantin Kwari da Singa, da yawansu ta kan gumin waɗannan bayin Allah suka biyo. 'Yan kwangila, ku ba su hular kwano da takalmin aiki, ku biya su haƙƙinsu a kan lokaci.