Mayaƙi Kuma Matsafi: A Bari ko a Hana?

A ƙauyukan ƙasar Hausa, idan amfanin gona ya shigo gida, samari da 'yan mata kan yi kalankuwa, su raba muƙamai a tsakaninsu: wannan Sarki, wancan Alƙali, ga Likita, ga ɗan sanda. Daɗin wasan duk yana cikin rabon nan. Alƙali zai yanke hukunci, amma sai ɗan sanda ya kamo masa mai laifi. Da yaro ɗaya zai haɗa rawani da kulki, da sauran sun koma 'yan kallo.

Gardama a kan irin wannan rabo ce ke raba kan masu wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ana zama ne a kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa da jaruminsa: mayaƙi, matsafi, ɓarawo ko mai warkarwa. In an zo abin da ba tabbas, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska 20. To, a bar mayaƙi ya koyi tsafi? Bugun 2014 ya miƙa wa mai jan labari wuƙa da nama, ya dai gindaya sharaɗi: sai jarumi yana da aƙalla maki 13 a baiwar da tsohon aikinsa da sabon suke buƙata, kuma matakai 20 da kowa ke da su zai kasa biyu, ba ƙari.

Masu hanawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni kuwa ƙasar Zuru nake dubawa. Saurayin Dakarkari manomi ne da damina, ɗan kokawa ne a dandali, gobe ka gan shi cikin kakin soja, ba wanda zai yi mamaki. Sai dai a can ba a sauya matsayi da fatar baki. Mai son zama magidanci sai ya yi golmo: shi da tsararsa su duƙufa a gonar iyayen yarinya, damina bayan damina, har shekara bakwai, gari duk yana gani. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo II ya kai Manjo Janar, ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985, amma sai da ya tuɓe kaki sannan aka naɗa masa rawani. Littafin wasan na 1978 ma haka ya tsara wa jarumi ɗan Adam: in yana son sabon aiki ya ajiye tsohon, ya koma matakin farko.

Abin da ke damuna da dokar 2014 shi ne arharta. Ɗan wasa zai kwana mayaƙi ya tashi matsafi, don kawai ya hango wani asiri da zai ƙara masa ƙarfi. Wannan kwaɗayi ne, yana kuma kashe labari.

Don haka na ce a bari, amma mai jan labari ya tsare ɗan wasan da tambaya: wa ya koya maka, a wane gari, me ka rasa kafin ka samu? In babu amsa, ya jira labari ya kai shi gidan malami. Sannan a dubi sauran mazauna teburin. In akwai wanda jaruminsa ɓarawo ne, mayaƙin da ya koyi buɗe kwaɗo bakin abincinsa ya tare, sai an nemi yardarsa tukuna.