Labarin da Ba Shi da Ƙurunƙus: Nazarin Maimaicin Abokan Gaba a Wasan World of Warcraft

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan wani nau'in ƙagaggen labari da manazarta adabi ba su cika waiwayarsa ba, watau labarin da ke cikin wasannin kwamfuta na intanet waɗanda dubban mutane ke shiga lokaci guda. A irin waɗannan wasanni kowane ɗan wasa yakan ɗauki matsayin wani jarumi, ya haɗa kai da wasu, su tunkari abokan gaba da marubutan wasan suka ƙaga. Mun zaɓi World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 1994 da ɗoriyar goma, watau 2004, saboda daɗewarsa da kuma yawan jama'arsa, domin a shekarar 2010 masu biyan kuɗin wata don su yi shi sun kai miliyan 12.

Koken da aka daɗe ana ji daga 'yan wasan shi ne sun gaji da ganin mugu iri ɗaya. Abin da muke son nunawa shi ne, maimaici shi kaɗai bai isa ya haifar da wannan gajiya ba. Abin da ke haifar da ita shi ne maimaicin da yakan koma baya ya warware nasarar da ɗan wasa ya riga ya sha wuya ya samu.

2.0 Maimaici Iri Biyu

Ya kamata tun farko mu rarrabe maimaici iri biyu. Na farko shi ne na tsarin wasa. 'Yan wasa sukan taru, a farkon zamanin wasan har mutum 40, daga baya 25 ko 10, su kai farmaki fadar wani babban dodo. In sun kashe shi sai su raba ganima. Bayan mako guda sai kamfani ya mai da kome yadda yake, dodon ya koma kan karagarsa, a sake kashe shi. Wannan bai cika damun kowa ba sai in ya yi tsawo ainun, kamar farmakin birnin Orgrimmar da aka yi ta nanatawa daga Satumba 2013 zuwa Nuwamba 2014. Kowa ya san cewa a cikin labari sau ɗaya aka kashe dodon, sauran kuwa neman ganima ne.

Na biyu shi ne maimaicin da ke cikin labarin kansa, kuma a kansa wannan takarda ta tsaya. Masanin nan na ƙasar Rasha, Vladimir Propp, ya nuna a shekarar 1928 cewa tatsuniyoyin ƙasarsa, duk yawansu, ayyuka 31 da taurari iri 7 suke juyawa, mugu kuwa ɗaya ne daga cikinsu. Mu ma mun san haka a gida. Gizo yakan yi ha'inci yau, asirinsa ya tonu, gobe ya sake, Dodo kuma a kashe shi a wannan tatsuniya ya ɓullo a waccan, amma yara ba su taɓa kai ƙara ba. Dalili kuwa shi ne kowace tatsuniya tana da ƙurunƙus. Da zarar an rufe ta, ta gobe ba ta bin ta jiya bashi. Shi kuwa World of Warcraft tarihi guda yake da'awar bayarwa, mai haɗe da juna shekara da shekaru, inda ake ce wa ɗan wasa abin da ya aikata bara yana nan a rubuce. Labarin da ya yi wannan alkawari dole a riƙe shi da shi.

3.0 Hanyoyi Uku na Maimaita Mugu

3.1 Tayar da Matacce

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce dawo da wanda aka riga aka kashe. An yaƙi Ragnaros, sarkin wuta, tun farkon wasan, aka sake yaƙarsa a 2011. An yaƙi matsafin nan Kel'Thuzad a 2006, da 2008, da kuma 2021. An kori Kil'jaeden a 2008, ya dawo a 2017. Shi kuwa Kael'thas, an ka da shi a 2007, sai ga shi a 2008 yana cewa faɗuwarsa ta farko tuntuɓe ne kawai, maganar da 'yan wasa suka mai da abin ba'a har yau. A kowane karo marubuta sukan kawo hujja, cewa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. To amma mutanen da suka kwashe makonni suna faɗuwa suna tashi kafin su ci wannan yaƙi, me aka gaya musu? An gaya musu aikin baban giwa suka yi. Daɗin daɗawa, mutuwa kanta ta rasa nauyi a labarin, domin wanda ya ga an tayar da uku ba zai yi makoki ko murna a kan na huɗu ba.

3.2 Jarumin da Ya Lalace

Hanya ta biyu ita ce ɗauko jigo guda a yi ta sauya masa riga. Asalin jigon yana da kyau ƙwarai. A wasan Warcraft III na 2002, Yarima Arthas ya ga annoba ta shiga birnin Stratholme, sai ya yanke shawarar hallaka mutanen birnin kafin su rikiɗe. Mai wasa ya bi shi taki bayan taki yana ganin yadda son ceton ƙasa ya zama ƙeta. Shi ya sa lokacin da aka fitar da kashin da ke ɗauke da yaƙinsa a 2008, jama'a suka yi ɗoki.

Matsalar ta fito fili ne a kan shugabancin rundunar Horde. Garrosh Hellscream ya hau mulki a 2010, ya rusa garin Theramore a 2012, mutanensa suka yi masa tawaye, aka kewaye Orgrimmar aka kama shi a 2013. Sylvanas Windrunner ta hau wannan kujera a 2016, ta ƙona Teldrassil a 2018, mutanenta suka yi mata tawaye, aka taru a ƙofar Orgrimmar a 2019. In muka cire sunaye, zubi ɗaya ne: hawa mulki, ta'asa, tawaye, ƙofar birni. Nan akwai wani abu da labarin littafi ba shi da shi. Ɗan wasan da ya zaɓi Horde shi ne aka sa ya ɗauki makami ya taya shugabansa ɓarna, sa'an nan aka sa shi ya tuba ya yaƙe shi, har sau biyu cikin shekara shida. Mai karatu yana iya ajiye littafi ya zargi tauraro, amma ɗan wasa da hannunsa aka yi aikin.

3.3 Gaba da Gabanta

Hanya ta uku, wadda a ganinmu ta fi illa, ita ce a ce bayan kowane mugu akwai wani wanda ya fi shi, mai juya shi daga ɓoye. Kashin Shadowlands na 2020 ya kai wannan dabara maƙura. An gabatar da wani sabon tauraro, Zovaal, mai tsaron kurkukun matattu, aka ce takobi da kwalkwalin da suka lalata Arthas daga wajensa suka fito, kuma da shi Sylvanas ta ƙulla yarjejeniya. Watau labarin shekara 18 aka ɗauka aka rataya wa wanda ba a taɓa jin sunansa ba. Ita Sylvanas kuma aka ce ranta ne ya rabu biyu, da aka mayar mata da ɗaya ɓarin sai ta yi nadama. Da aka zo kashe Zovaal a 2022, sai ya nuna cewa shi ma wani bala'i ne mai zuwa yake yi wa shiri.

Illar a nan ta shafi ɗa'a, ba zubi kaɗai ba. Abin da ya ba labarin Arthas ƙarfi shi ne da hankalinsa ya zaɓi abin da ya zaɓa. In aka ce tun asali wani ne ya haƙa masa ramin, to, an rage masa alhaki, an kuma rage wa labarin darasi. Mugun da ba shi da zaɓi ba ya jawo tsoro ko tausayi, sai dai a yi ta jiran a ga wane ne a bayansa.

4.0 Dalilin Maimaicin

Ba za mu ɗora laifin duka a kan marubuta ba. Wasan da ke rayuwa da kuɗin wata ba ya son ƙarshe, domin ranar da aka ce zaman lafiya ya tabbata, ranar ciniki ya mutu. Kusan kowace shekara biyu sai an fitar da sabon kashi, kowane kashi kuma yana bukatar dodon da za a sa a bangon talla. Tsohon suna ya fi sabo saurin sayuwa. Haka kuma tsarin farmaki ya tilasta kowace gaba ta ƙare da duka, saboda haka mugun da ya dace a yi sulhu da shi ko a gurfanar da shi sai an mai da shi mahaukaci tukuna don a sami hujjar kashe shi.

Duk da haka tilas ɗin bai kai yadda ake zato ba. Wasan Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na ƙasar Japan yana ƙarƙashin irin wannan matsi, shi ma yana da nasa ɗumamen, kamar Zenos da ya mutu a 2017 ya dawo. Amma a kashin Shadowbringers na 2019, wanda Natsuko Ishikawa ta jagoranci rubuta labarinsa, an fito da Emet-Selch. Shi ma mai juya dauloli ne daga ɓoye, kamar Zovaal. Bambancin shi ne an sa shi ya yi tafiya tare da ɗan wasa, an nuna duniyarsa da ta tarwatse da jama'arsa da yake son dawowa da su, har ɗan wasa ya fahimci hujjarsa ko da bai yarda da ita ba. Da ya faɗi, faɗuwar ta zauna, bayyanarsa a 2021 ba ta sake yaƙi ba ce. A wannan shekara 'yan wasa da yawa suka ƙaura zuwa can, har a Disamba kamfanin ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci saboda cunkoso. Ba labari kaɗai ya kore su ba, domin a Yulin 2021 wata hukumar jihar Kalifoniya ta kai kamfanin Activision Blizzard ƙara a kan yadda ake mu'amala da ma'aikata mata, abin da ya ɓata wa jama'a rai. Amma kwatanta miyagun biyu ya kasance cikin abubuwan da 'yan wasa suka fi tattaunawa.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa ɗan wasa yana jure kashe dodo ɗaya kowane mako, kamar yadda yaro ke jure Gizo kowane dare, muddin ba a ce masa nasararsa ta jiya ƙarya ce ba. Mun kuma ga hanyoyi uku da ake warware wannan nasara, watau tayar da matacce, da sake jigo cikin sabuwar riga, da ɗora alhaki a kan wani na ɓoye. Shawararmu ga duk mai rubuta labari mai dogon zango, na wasa ne ko na talabijin ko na littafi mai kashi-kashi, ita ce ya bar kowane mugu da dalilinsa da alhakinsa, in kuma ya kashe shi ya bar shi a kabari. Duniyar labari tana iya ci gaba har illa masha Allahu, amma kowace gaba da ke cikinta tana bukatar nata ƙurunƙus. Muna fata mahalarta wannan taro za su faɗaɗa nazarin zuwa wasu wasannin da wannan takarda ba ta taɓo ba.